Salansa Mai Ƙara Ba Ta Ƙara Gudu: Inda Ya Kamata Kuɗin Mai Son Tseren Mashin Ya Tafi

Abu na farko da yawancin matasa ke saya idan suna son mashin ɗinsu ya riga na abokinsu tashi shi ne salansa mai ƙara. A cikin duk gyare-gyaren da ake yi wa mashin da ɗan kuɗi kaɗan, ita ce kuma ta fi cin kuɗi ba tare da ta biya ba. Kunne yana jin kamar gudu ya ƙaru, jiki ma yana jin haka, amma agogo ba ya jin ƙara. A tseren dirag kuwa agogo ne alƙali.

Ga wanda bai saba da shi ba, dirag tsere ne na miƙaƙƙen layi. Mashina biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, a ba su alama, su tashi daga tsaye har layin ƙarshe. Babu kwana, babu zagaye. A Amurka, inda wasan ya girma, tsawon filin rubu'in mil ne, wato mita 402. A Indonesiya, inda ake yin sa da ƙananan mashina dangin roba-roba, rabin haka aka fi yi, mita 201. Da yake nisan gajere ne, gudun ƙarshe da allurar maleji ke iya kaiwa ba shi da wani tasiri sosai. Abin da ake nema shi ne saurin kaiwa ga gudun, kuma wannan lissafinsa daban ne.

Akwai wani lissafi da masu dirag suka daɗe suna amfani da shi, wanda ake dangantawa da Patrick Hale. A ɗauki nauyin abin hawa haɗe da na matuƙinsa a ma'aunin fam, a raba shi da ƙarfin dokin injin, a nemo lambar da idan aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da wannan amsar, sannan a ninka da 5.825. Abin da ya fito shi ne kimanin sakan nawa za a yi a mita 402. Kalkuletar da ke cikin kowace waya za ta iya, a kan yawancinsu ma juya wayar a kwance kawai ake yi madannan kimiyya su fito. A gwada da Bajaj Boxer mai siisi 100, wanda ƙarfinsa doki 8 ne ko kusa da haka. Idan mashin da mai tuƙa shi sun kai kilo 175, wato fam 386, lissafin zai ba da sakan 21 da ɗoriya. An tsara lissafin ne don motocin tsere, don haka a ƙasa Boxer zai ɗan fi haka jinkiri, amma darasin da ke ciki bai canza ba.

Darasin kuwa mai ɗaci ne ga mai son sayen kayan inji. Kafin lokaci ya ragu da kashi 10 cikin 100, sai ƙarfin inji ya ƙaru da kusan kashi 37 cikin 100. Ko da an ninka ƙarfin gaba ɗaya, daga doki 8 zuwa 16, lokacin zai ragu ne da kashi 21 kacal. To a ce salansar da aka saya ta yi abin da mai shago ya rantse za ta yi, ta ƙara rabin doki. Ribar ita ce kusan kashi 4 cikin 10 na sakan. Idan aka koma ga wancan lissafin aka bar injin yadda yake, aka cire kilo 10 daga nauyi, amsar kusan ɗaya za ta fito. Bambancin shi ne cire kilo 10 ba ya buƙatar ko sisi.

Ina za a samu kilo 10? Fiye da rabinsa yana cikin tanki. Litar fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka wanda ya zo layi da lita 10 yana ɗauke da kilo 7 da rabi, alhali lita 2 ta ishe shi gwaji har ya koma gida. Saura kuma ƙarfen ɗaukar kaya na baya, da ƙafar tsakiya da ake ɗaga mashin a kanta, da ƙarfen kare gwiwa, da tarkacen ado. Duk waɗannan da sifana ake kwance su, da sifana ake mayar da su ranar Litinin. Wannan sharaɗin na iya mayarwa yana da muhimmanci, domin ga yawancin matasa mashin ɗin da ake tsere da shi shi ne na zuwa makaranta da kasuwa da kai Hajiya asibiti, wani ma bai gama biyan kuɗinsa ba. Gyaran da ke buƙatar zarto ko walda ya riga ya fita daga sahun mai arha. Birki kuwa, na gaba ne ko na baya, ba ya cikin abin da ake cirewa, duk da ana ganin wasu a bidiyo suna yi.

Kafin ma a kai ga cire wani abu, akwai dawakan da suka ɓace da ya kamata a dawo da su. Doki 8 ɗin nan na sabon mashin ne. Wanda ya shekara biyu yana shan ƙura da ramuka ba lallai ne ya kai da shida ƙasa ba. Busasshiyar sarƙa mai tsatsa tana cin ƙarfi, haka wadda aka ɗaure ta yi tauri kamar tsarkiyar baka. Birkin da ke gugar taya ko ba a taka shi ba yana ci, boris ɗin da ya mutu yana ci, bawul ɗin da ba a saita tazararsa ba yana ci, matatar iska da ta toshe tana ci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗaga mashin a juya kowace taya da hannu. Idan ta tsaya nan take, akwai abin da ke riƙe ta, kuma yana riƙe ta a kowace mita ta tseren. Sabis na gaskiya a wurin bakanike mai haƙuri ya fi kowane kwalin da aka rubuta wa kalmar tsere a jiki. Matsalarsa ɗaya ce, ba a ganinsa a hoto.

Idan dole sai an sayi wani ƙarfe, to a fara da sifoket, wato farantin nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. Shi ne gyara mafi arha da ake jin aikinsa nan take. A raba yawan haƙoran na baya da na gaba. Mashin mai haƙora 14 a gaba da 42 a baya zai ba da 3.0. Idan aka sa mai 13 a gaba, lambar ta koma 3.23, ma'ana ƙarfin da ke juya tayar baya ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100 a kowace giya. Ƙara haƙora 3 a baya ma kusan sakamako ɗaya ne, sai dai ya fi tsada kuma wani lokaci sai an ƙara tsawon sarƙa. Babu salansar da ke ba da kashi 8 a kan ƙaramin mashin.

Sai dai sifoket ba ya ƙirƙirar ƙarfi, musanya yake yi. Abin da aka samu wajen tashi an biya shi da gudun ƙarshe, wanda zai ragu da kusan kashi 7, kuma a doguwar tafiya injin zai riƙa ihu yana shan mai fiye da da. Ƙaramin sifoket na gaba yana kuma saurin cinye sarƙa. Akwai ma inda yake jawo asara a tseren kansa: idan ya sa aka ƙare giyar ƙarshe kafin a kai layi, ko ya tilasta ƙarin canjin giya ɗaya ana dab da layin, abin da aka ci a farko ya zube. Abin da ake so shi ne a tsallake layi injin yana kusa da ƙololuwar juyawarsa, ba ya neman wata giya, bai kuma ƙure ba. Wane haɗi ne zai ba da haka? Ya danganta da nisan fili da nauyin matuƙi, kuma ba a sanin sa sai an auna.

A nan ne wayar da ke aljihu ta fi duk kayan shagon amfani, idan an san iyakarta. Manhajojin auna gudu na kyauta suna dogaro da GPS na waya, wanda a yawancin wayoyi sau ɗaya yake sabunta wuri a kowane sakan. Mashin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 a sakan ɗaya. Mai neman bambancin kashi 2 cikin 10 na sakan da irin wannan ma'auni yana awon zinare ne da sikelin buhun masara. Agogon hannu ma bai fi ba, domin jinkirin yatsan mai dannawa kaɗai ya kai girman ribar da ake nema. Kyamara ce ta fi. Bidiyon da ke ɗaukar hoto 60 a sakan yana raba lokaci zuwa kashi 17 cikin 1000 na sakan. A ja layi a ƙasa, a auna mita 18 a ja wani, a kafa waya a gefe yadda za ta ga layukan biyu, sannan a ƙirga hotunan daga motsin farko na taya har ta taka layi na biyu. Hoto 150 na nufin sakan 2.5. Don cikakken nisa akwai ƙananan na'urori irin su Dragy, mai sabunta wuri sau 10 a sakan, da RaceBox Mini mai sau 25, suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ba su da arha ga mutum ɗaya, amma abokai biyar za su iya yin karo-karo su sayi guda. Mai son ganin yadda mashin ke fizga da inda yake yin sanyi lokacin canjin giya zai iya sauke phyphox, manhajar kyauta ta jami'ar RWTH Aachen da ke Jamus, wadda ke zana abin da na'urar jin motsi ta waya ke karantawa.

Gargaɗi ɗaya ga masu ɗaure waya a kan kan mashin: a watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da sanarwa cewa girgizar injin babur, musamman manya, tana iya lalata tsarin da ke hana hoton kyamarar iPhone rawa. Aljihu mai zif ya fi aminci.

Masu rubuta manhaja suna da wata ɗabi'a da ta dace da wannan aiki. Idan shiri ya ƙi aiki, ba a canza layi goma lokaci guda. Ana canza ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sa salansa da sifoket da sabon fulogi rana ɗaya, ya ga ya ƙara sauri, bai san wanne ne ya yi aikin ba, ta yiwu ma ɗaya daga ciki baya yake ja da shi. Gudu ɗaya kuma ba hujja ba ne. A yi biyar, a jefar da mafi kyau da mafi muni, a ɗauki matsakaicin ukun da suka rage, kuma a yi zuwa da dawowa saboda iska da gangara. Lokacin gwaji ma ya zama iri ɗaya. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba, don haka injin da aka gwada da asuba zai fi kansa na azahar ƙarfi ba tare da an taɓa shi ba. Tudu ma haka: inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa sama, shi ya sa lambar da aka samu a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ba a gwama ta da ta Legas.

Me ya sa aka ware mita 18 na farko? A filayen dirag na gaske ana auna ƙafa 60 na farko daban, kuma masu wasan suna da ƙiyasin cewa kashi 1 cikin 10 na sakan da aka ci a nan yana zama kusan ninki biyu a layin ƙarshe. Wurin nan kuwa hannu ne da kuloci. Wanda ya saki kuloci gaba ɗaya injin zai shaƙe ko gaba ya ɗaga. Wanda ya riƙe shi da yawa yana ƙona faranti yana tsaye. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da ake riƙe totur a inda injin ya fi ja, a riƙa sakin kuloci a hankali amma ba tare da tsayawa ba, jiki ya karkata gaba, ƙafa ta hau da wuri. Bambancin wanda ya yi wannan sau ɗari da wanda ya yi sau biyar ya fi bambancin duk kayan da aka ambata a sama. Idan kuma kulocin yana zamewa, wato inji na ihu mashin bai bi ba, sabon faranti da sifirin ba su da tsada. A kuma duba galan ɗin baƙin mai. Kulocin yawancin mashina a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadaran rage guga da ke sa shi santsi. Alamar JASO MA ko MA2 ake nema a jikin galan.

Wani abin da ke ɓatar da mutane shi ne kwafar shawarar da ba tasu ba. Yawancin bidiyon dirag na YouTube a kan manyan mashina ake yi, irin Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999 da doki sama da 170. Matsalar mai irin wannan ita ce ƙarfi ya yi yawa: gaba na ɗagawa, tayar baya na zamewa. Shi ya sa suke ɗaure shokozoba ta gaba da maɗauri don mashin ya yi ƙasa, su ja tayar baya zuwa ƙarshen ramin saita sarƙa don ya ƙara tsawo, su rage iskar tayar baya don ta kama ƙasa. Gyare-gyare ne masu arha kuma suna aiki, a kan wancan mashin, a kan wancan fili, kuma ana kwance maɗaurin kafin a hau titi. Mai doki 8 da ya sace iskar tayarsa nauyin ja kawai ya ƙara wa kansa. Shi cika iska daidai da abin da kamfani ya rubuta ne ya fi masa. A ɗaya gefen kuma akwai siraran tayoyin da 'yan dirag na Indonesiya ke sawa, waɗanda su da kansu suke kira tayar tsutsa. Suna rage nauyi da guga a fili mai santsi, amma a titi mai rami da yashi, mashin ba ya tsayawa idan an taka birki.

A yi wa salansa adalci. A kan babban mashin, cikakkiyar salansa mai kyau da aka haɗa da sake saita kwamfutar inji tana ƙara ƙarfi na gaske, tana kuma rage nauyi sosai. Kuma wanda ya ce shi ƙarar yake so, daɗi take yi masa, ya faɗi gaskiya, tsakaninsa ne da maƙwabta. Abin da ba daidai ba shi ne a fasa cikin salansar kamfani, ko a sa wani bututu da ba a auna shi ba, a ce don gudu ne. Tsawo da faɗin bututun hayaƙi an lissafa su ne don su taimaka wa inji ya zuƙe sabuwar iska, kuma idan aka ɓata lissafin ƙarfin da ake fara rasawa shi ne na ƙasa, wanda ake tashi da shi. A kan inji mai bugu biyu irin na Jincheng AX100 abin ya fi muni, domin siffar salansar wani ɓangare ne na aikin injin. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ne ya ƙware a wannan fasaha a shekarun 1950, kuma bayan ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu ya koma Suzuki a 1961, Suzuki ta ci kambun duniya na ajin siisi 50 a shekara mai zuwa. Abin da aka yi wannan rigima a kansa shi ne wani ke sa guduma da ƙusa ya huda.

Cire matatar iska ma haka ne, da ƙarin hasara. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru ba, sai injin ya riƙa zafi, in ba an canza jet ɗin kafireta ya dace ba. Inji yana ba da mafi yawan ƙarfinsa ne idan iska ta kai kusan kashi 12 da rabi zuwa 13 a kan kashi 1 na fetur, kuma kaiwa ga haka aikin haƙuri ne da duba launin bakin fulogi. Ko an dace, a ƙasar da hunturu ke zuba ƙura wata uku, inji marar matata yana shan yashi ne, kuma ringi da fistin ne za su biya. Akwatin CDI da ake cewa na tsere galibi iyakar juyawar inji yake cirewa, alhali bayan ƙololuwar ƙarfi babu abin da ke can sama sai haɗarin bawul ya gamu da fistin. Maganaɗisun da ake maƙala wa tiyon fetur kuwa, ko ambatonsa ɓata data ne.

Akwai kaya ɗaya da ba ya rage ko sakan amma shi ya kamata ya ci kaso mafi girma na kuɗin: hular kwano mai rufe haɓa, mai alamar ECE ko DOT ta gaske, ba ta leburorin gini ba. Nazarin Cochrane na 2008 ya gano cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 69. A haɗa da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Kuma duk wanda ya ƙara wa mashin saurin tashi ya tuna cewa idan gudu ya ninka, nisan da ake buƙata kafin a tsaya sau huɗu yake ninkawa, a kan birkin da aka ƙera don ɗaukar fasinja a hankali.

Wannan ne ya kawo batun wuri. Duk abin da aka faɗa a sama na rufaffen fili ne. Titin unguwa yana da yara da awaki da mai Adaidaita da zai juya ba sigina, kuma babu ɗayansu da ya amince ya shiga tseren. Hanawa kaɗai ba ta taɓa kashe wannan wasa a ko'ina ba. Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a Amurka a 1951 ne don ya kwashe matasa daga tituna ya kai su inda akwai doka da agogo. A watan Janairun 2022 'yan sandan Jakarta da kansu suka shirya tsere a yankin Ancol don masu yin sa a ɓoye da daddare su fito fili. Ƙungiyoyin masu mashina a Kano ko Kaduna ko Zinder za su iya neman irin wannan daga hukuma: titi ɗaya da ba a cika bi ba a rufe shi na awa uku da safiyar Asabar, mita 201 na tsere da wasu ɗaruruwan mitoci a gaba don tsayawa, jami'an kiyaye haɗurra, motar asibiti, 'yan kallo a bayan layin tashi, kuma babu hula babu shiga.

A irin wannan fili akwai tsarin da ya dace da mai ƙaramin aljihu, wanda a Amurka shi ne mafi yawan abin da talakawan 'yan dirag ke yi. Kowa zai rubuta lokacin da yake sa ran yi. Idan ɗaya ya rubuta sakan 14 ɗaya ya rubuta 12, fitilar mai 14 za ta riga kunnuwa da sakan 2. Wanda ya fara kai layi ya ci, amma wanda ya yi ƙasa da lokacin da ya rubuta ya faɗi. Don haka kafin mutum ya shiga sai ya san lambar mashin ɗinsa, da yadda take canzawa tsakanin safe da rana, da tanki cike ko da lita 2, kuma duk wannan yana cikin ɗan teburin da ya riƙa cikewa a wayarsa tun ranar gwajin farko.